A Saurari Wanda Tururuwar Wuta Ta Fara Harba

A watan Satumba na 2023 wata tawagar masana ƙwari, wadda Mattia Menchetti na wata cibiyar nazarin halittu da ke Barcelona ya jagoranta, ta sanar cewa jar tururuwar wuta ta kafa gida a nahiyar Turai. A bakin wani kogi kusa da birnin Siracusa, a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, masanan sun ƙirga gidajenta 88 a wani fili da bai cika hekta 5 ba. Da suka zauna da mutanen unguwar sai aka shaida musu cewa ai tun 2019 wata 'yar tururuwa ke harbinsu a wurin, harbin da ke ƙuna kamar an ɗora wa mutum garwashi. Shekara huɗu ke nan mutane na sosa ƙafa suna mita a tsakaninsu, labarin bai kai kunnen wanda zai gane abin da ake ciki ba.

A irin waɗannan shekaru huɗu ake faɗuwa yaƙin. Duk ƙasar da ta yi karo da wannan ƙwaro, daga Amurka zuwa Ostireliya zuwa Sin, wanda ya fara haɗuwa da shi mai aikin lambu ne, ko lebura a tashar jiragen ruwa, ko uwar da yaronta ya shigo gida yana kuka ƙafa duk ƙuraje. Idan akwai hanyar da maganar wannan mutum za ta isa hukuma a ranar, kuma hukumar ta iso da magani da kuɗin aiki ba tare da jan ƙafa ba, ana gamawa da tururuwar. Idan babu, jikoki ne za su gaji ɗawainiyarta.

Masana na kiranta Solenopsis invicta. Asalinta nahiyar Amurka ta Kudu, a fadamun kogin Paraná da ke ratsa Barazil da Paragwai da arewacin Ajantina. A ido ba ta da wani kwarjini: tsawonta milimita 2 zuwa 6, ja ce mai ɗan duhu, ƙarshen jikinta ya fi sauran duhu. Alamar farko da ake koya wa mutane ita ce a gida ɗaya za a ga manya da ƙanana da matsakaita a cakuɗe, saɓanin yawancin tururuwa da girmansu ke zuwa ɗaya. Sai kuma gidan kansa, tsibin ƙasa mai laushi wanda wani lokaci yakan kai santimita 40 a tsayi, kuma ba a ganin ƙofa a samansa, domin ta ramukan ƙarƙashin ƙasa take fita, nesa da tsibin. Alama ta ƙarshe ba sai an koya wa kowa ba. Wanda ya taka gidan, ɗaruruwa za su malalo su hau ƙafarsa, sannan su fara harbi kusan lokaci guda. Kowace na kama fata da baki, ta lanƙwasa jiki ta soka tsinin da ke bayanta, ta juya ta sake sokawa. Kafin kwana ya zagayo wurin ya fito da ƙananan ƙuraje masu farin kai.

Ana cewa cinnaka ba ka san na gida ba, to wannan ta wuce cinnaka nesa. Ga yawancin mutane abin ba ya wuce raɗaɗi da ƙaiƙayi na kwanaki. Amma akwai waɗanda jikinsu ba ya ɗaukar dafin: fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, in ba a garzaya asibiti ba a rasa rai, kuma likitocin Amurka sun tattara rahoton mutuwar gomman mutane ta wannan hanya. A gona tana tone irin da aka shuka, tana gwaguyar dankali da masara da waken suya da kuɓewa. Tana shiga idon ɗan maraƙi ko ɗan tunkiyar da aka haifa a fili, tana cinye 'yan tsaki da 'ya'yan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa. Tana da wata ɗabi'a kuma ta cunkushewa cikin kayan lantarki, akwatin mita ne, injin ban ruwa ne, fitilar ba da hannu ta kan titi ce, har sai abin ya lalace.

Yadda take yaɗuwa ne ya sa lokaci ke da tsada a yaƙi da ita. Sarauniya ɗaya na iya zuba ƙwai fiye da dubu a rana, ta kuma rayu shekara shida zuwa bakwai. Gidan da ya ƙasaita na ɗauke da ma'aikata 200,000 ko fiye. Bayan an yi ruwa sababbin sarauniyoyi masu fiffike kan tashi sama su yi barbara, su sauka a wani wuri su haƙa sabon gida, yawanci kusa, wasu kuwa har kilomita biyar. Ambaliya ba ta kashe su. Sukan sarƙe ƙafafu da juna su dunƙule a kan ruwa, sarauniya da 'ya'ya a tsakiya, su bi ruwan har inda ya ajiye su. Amma tafiyar da ta fi kai ta nesa, ɗan Adam ke ɗaukar nauyinta da kuɗinsa: tifar ƙasa, damin ciyawa, buhun taki, tukunyar shuka, kwantena.

Haka ta shiga ƙasar Amurka. A shekarun 1930 jiragen ruwa masu tasowa daga Amurka ta Kudu kan loda ƙasa a cikinsu don daidaita nauyi, su juye ta a tashar Mobile ta jihar Alabama, kuma cikin wannan ƙasa ake kyautata zaton tururuwar ta iso. A 1942 wani yaro ɗan shekara 13 ya ga gidanta a wani kango kusa da gidansu a Mobile. Yaron shi ne Edward O. Wilson, wanda daga baya ya zama babban masanin tururuwa a Jami'ar Harvard. Gwamnati ba ta motsa da gaske ba sai a 1957, lokacin da tururuwar ta riga ta bi tukwanen shuka da shimfiɗun ciyawa na sayarwa ta watsu a jihohin kudu.

Da ta tashi motsawa kuma sai ta motsa a fusace. Aka riƙa zuba gubar heptachlor da dieldrin daga jiragen sama a kan miliyoyin eka. Tsuntsaye da kifi da namun daji da kaji, har da shanu, suka mutu, kuma Rachel Carson ta yi wa shirin kaca-kaca a littafinta Silent Spring na 1962. Aka koma wani magani mai suna mirex, shi ma aka daina amfani da shi a 1978 bayan an gano yana daɗewa a ƙasa da jikin halittu. Abin da ya fi ciwo shi ne gubar ta share tururuwan asali na ƙasar, waɗanda su ne ke gogayya da baƙuwar a kan abinci da wurin zama, sai ta tarar da fili fetal ta dawo da ƙarfinta. Wilson da kansa ya kwatanta wannan yaƙi da na Vietnam. Yau ta mamaye eka sama da miliyan 300, daga Texas har Florida da Carolina, kuma ana ƙiyasta ɓarnarta da kuɗin maganinta sun haura dala biliyan 6 a shekara. Ba wanda ke maganar kawar da ita a can kuma, maganar lallaɓawa ake. Har wasu ƙananan ƙudaje aka ɗauko daga mahaifarta, masu saka ƙwai a jikinta tsutsar ta cinye kanta ta ciki. Suna rage mata kaifi, iyakar abin da suke iyawa ke nan.

Wani binciken ƙwayoyin gado da aka buga a mujallar Science a 2011 ya nuna cewa tururuwar da ta ɓulla a Ostireliya da Niyu Zilan da Taiwan da Sin daga waɗannan jihohi na kudancin ƙasar Amurka ta taso. Jinkirin da aka yi a Alabama ne wasu ƙasashe ke biyan kuɗinsa bayan shekara saba'in.

Ostireliya ce ta fi kowa dagewa a kan sai ta ga bayanta, kuma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa, domin a cikinsa akwai nasara da faɗuwa a ƙasa ɗaya, a hannun ma'aikata ɗaya, da magani iri ɗaya. A watan Fabrairu na 2001 aka tabbatar da tururuwar a wurare biyu a Brisbane, babban birnin jihar Queensland: a tashar jiragen ruwa, da kuma unguwannin Richlands da Wacol a kudu maso yammacin birnin, inda masana suka yi ittifakin ta yi shekaru kafin a farga. A watan Satumba na wannan shekarar gwamnatin tarayya da jihohi suka haɗa kuɗi suka kafa shirin ƙasa na kawar da ita. A shekarun farko an yi aiki tuƙuru. Ɗaruruwan ma'aikata suka bi gida-gida suna watsa magani, gidajen tururuwar suka ragu ƙwarai da gaske. Da harbi ya lafa sai hankalin masu rabon kuɗi ya koma wani wuri. Aka shiga ba shirin kuɗi shekara-shekara, abin da ba ya bari a tsara aiki mai nisa ko a riƙe ƙwararrun ma'aikata, ita kuwa tana can bayan iyakar da aka zana tana hayayyafa.

A 2017 aka amince da shirin shekara 10 na dalar Ostireliya miliyan 411. A 2021 wani kwamitin bincike mai zaman kansa ƙarƙashin Helen Scott-Orr ya faɗa a fili cewa kuɗin ba za su kai ga gaci ba, ana buƙatar miliyan 200 zuwa 300 duk shekara, kuma in aka bar tururuwar ta ci karenta babu babbaka asarar ƙasar za ta kai biliyan 2 a shekara. Rahoton nan sai da ya yi kusan shekara biyu a aljihun tebur kafin jama'a su gan shi. A 2023 aka sake amincewa da miliyan 593 na shekara huɗu, da burin a gama a 2032, shekarar da Brisbane za ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik. Jimillar abin da aka ware tun 2001 ta haura biliyan ɗaya, yankin da ke cikin matsalar kuwa ya wuce hekta 800,000. A Nuwamba 2023 tururuwar ta tsallaka jihar New South Wales, aka same ta a South Murwillumbah, kilomita 13 daga kan iyaka. A Janairu 2024 aka same ta a Wardell, inda wani mai aikin lambu ya taɓa gidanta, ta harbe shi, ya kai rahoto. A Maris 2025, bayan guguwar Alfred ta kawo ambaliya, manoma suka riƙa ɗaukar hoton dunƙulenta yana yawo a kan ruwa, kuma cikin watan nan an kwantar da mutum 23 a asibiti saboda harbi.

Wanda ya tsaya a nan zai ce aikin banza ake yi. Amma wannan Ostireliyar dai ta gama da tururuwar ƙarƙaf a wurare da dama: sau biyu a Yarwun kusa da Gladstone, inda aka gano ta a 2006 da 2013, da waɗanda aka gano a tashar Port Botany ta birnin Sydney a 2014, da filin jirgin saman Brisbane a 2015, da tashar Fremantle da ke yammacin ƙasar a 2019. Hatta wadda aka gano a tashar jiragen ruwan Brisbane a 2001 an ga bayanta. Wadda ta gagara ita ce ta unguwannin bayan gari, wadda ta daɗe ba a sani ba. Niyu Zilan kuwa sau uku tana shiga mata: filin jirgin saman Auckland a 2001, tashar Napier a 2004, da Whirinaki a 2006. Kowane karo an killace kewayen wurin, an hana fitar da ƙasa da kaya, an yi shekaru ana bin sawu, kuma a 2009 aka ayyana cewa ta ƙarshen ma ta ƙare.

A gabashin Asiya ma haka zancen yake. Sin ta gano tata a 2004 a Wuchuan da ke lardin Guangdong, shekara guda bayan Taiwan, kuma zuwa 2021 ma'aikatar noma ta ƙasar ta ce ta kai gundumomi 435 a larduna 12. Japan, wadda kwantenonin Guangdong ke sauka a tasoshinta kullum, ta fara cin karo da ita a 2017 cikin wata kwantena da ta taso daga Guangzhou ta sauka a Kobe. Nan take aka baza hotonta a talabijin da jaridu, aka buɗe layin waya na musamman don masu kawo rahoto, aka kafa tarkuna a manyan tasoshin jiragen ruwa. Tun daga lokacin an kama ta sama da sau 100, har da tarin sarauniyoyi a tashar Aomi ta Tokyo a 2019, amma hukumomin ƙasar na ci gaba da tare ta a bakin ƙofa.

Saboda haka maganar kai rahoto ita ce kan gaba. A Queensland doka ce: dokar kare ƙasa daga cututtuka da ƙwari ta 2014 ta wajabta wa duk wanda ya ga abin da yake zargin tururuwar wuta ce ya sanar cikin awa 24. Sai dai doka ba ita ke sa mutum ya ɗaga waya ba. Abin da ke sa shi shi ne sauƙin abin: ya ɗauki hoto da wayarsa, ya tura ta intanet ko ya kira lamba ɗaya, wani ya amsa masa, wani kuma ya zo. Shirin na da karnuka da aka horar suna sansano gidan tururuwar tun bai fito fili ba, an kuma gwada kyamarori a jirage masu saukar ungulu don hango tsibin daga sama. Duk suna da amfani, amma babu adadin karnuka ko jiragen da zai kai yawan idanun mutanen da ke share tsakar gidansu kowace safiya.

A nan akwai wani abu da hukumomi ke yawan tuntuɓe da shi. Yawancin rahotannin da za a kawo za su zama ba ita ba ce, wata tururuwar gida ce kawai. Jami'in da ya nuna gajiya ko ya yi wa mai rahoto kallon mai ɓata masa lokaci, ya rufe bakin unguwa guda, kuma ranar da ta gasken ta zo ba wanda zai kira shi. Rahoto ɗari na kuskure sun fi arha a kan guda ɗaya na gaskiya da aka haɗiye. Akwai kuma mai tsoro. Mai sayar da dashe ko ciyawar dabbobi ko takin gargajiya ya san cewa in ya faɗi abin da ya gani za a iya hana shi fitar da kaya na makonni. Mutumin da aka ba zaɓi tsakanin abincin iyalinsa da amfanin ƙasa, bai kamata a yi mamakin abin da zai zaɓa ba. Wanda ya kawo rahoto da kansa, a yi masa magani kyauta, a taimaka masa ya koma kasuwa da wuri. Tara da hukunci a ajiye su ga wanda ya sani ya ɓoye, ya loda ƙasar a mota ya kai wani gari.

Sai batun magani, inda zuciya ke yaudarar mutane. Wanda aka harba abin da yake so shi ne ya ga gawa. Sai ya kwarara fetur, ko tafasasshen ruwa, ko ya rushe tsibin da shebur. Ma'aikata dubbai za su mutu, sarauniya kuwa tana can ƙasa, waɗanda suka rage su ɗauke ta su koma 'yan taku kaɗan su sake gini, wani lokacin ma gida ɗaya ya rabu biyu. Maganin da ke aiki ba shi da wannan armashi. Tsakin masara ne da aka jiƙa da man waken suya, aka haɗa da wani sinadari mai hana ƙwaro girma, irin methoprene ko pyriproxyfen, waɗanda ake amfani da su wajen kashe tsutsar sauro da ƙuman karnuka. Kimanin kilo 2 ake watsawa a hekta guda, da hannu ko da ƙaramar mota ko ta jirgi. Ma'aikatan tururuwar ne da kansu ke kwashe tsakin su kai gida su ciyar da sarauniya. Daga nan ƙwanta ba ya ƙara zama tururuwa, tsofaffi na mutuwa babu masu maye gurbinsu, cikin 'yan watanni gidan ya mutu. Inda ake gaggawa, kamar makaranta ko filin wasan yara, ƙwararru kan ɗura wa gidan maganin fipronil kai tsaye.

Wahalar wannan hanya ita ce dole a maimaita ta sau da dama cikin shekara biyu, kuma dole a watsa tsakin har inda ba a ga komai ba, domin sabon gida na iya yin watanni a ƙarƙashin ƙasa babu alama. Nan rigima ta taso a kudu maso gabashin Queensland. Wasu masu gonaki sun kulle ƙofa sun hana ma'aikata shiga, suna tsoron dabbobinsu da ƙudan zumansu da ruwan shansu, har ta kai ga wani lokaci sai da rakiyar 'yan sanda ake shiga. Tsoron nasu ba daga sama ya faɗo ba. Wanda ya san abin da dieldrin ya yi a Amurka yana da dalilin tambayar abin da ake zubawa a gonarsa, kuma haƙƙinsa ne a ba shi amsa cikin mutunci, a gaya masa ranar da za a zo, a nuna masa sakamakon gwaji. Kwamitin majalisar dattawan ƙasar da ya binciki shirin ya nemi a ƙara buɗe wa jama'a bayanai a rahotonsa na Afrilu 2024, kuma ya yi daidai. Amma bayan an ba da amsa, kulle ƙofar ba daidai ba ne. Gona ɗaya da aka tsallake ta isa ta sake cika maƙwabtanta goma da sarauniyoyi a damina ɗaya. 'Yancin mutum a kan gonarsa bai kai ya raini abin da zai tashi sama ya sauka a ɗakin jaririn maƙwabcinsa ba.

Ita ma gwamnatin tana da nata laifin. Dabarar da take bi yanzu ita ce a kewaye yankin da wani zobe na magani, a riƙa matsowa ciki sannu a hankali, mutanen da ke tsakiya kuwa, inda tururuwar ta fi yawa, an bar musu mafi yawan aikin su yi da kansu kafin layi ya zo kansu. A takarda wannan tsimi ne. A ƙasa kuwa, tsakiyar nan ce ke cika tana batsewa, kuma daga can motocin ƙasa da ciyawa ke tasowa su tsallake zoben. Wanda ya ce zai kawar da ita a 2032 ba zai yi haka da rabin kuɗin da masu bincikensa suka ce ana buƙata ba.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi na iya cewa ina ruwan biri da gada. Akwai ruwansa. A Gabon da Kamaru akwai wata tururuwar ta daban, Wasmannia auropunctata, wadda ake kira ƙaramar tururuwar wuta, ita ma daga nahiyar Amurka ta zo. Ta haura shekara ɗari a Gabon. A Kamaru manoman koko da hannunsu suka riƙa ɗaukarta suna kaiwa gonaki don ta kori ƙwarin da ke tsotse kokon. Yau ta shiga dazuzzuka, har gandun dajin Lopé na Gabon, tana korar tururuwan asali, ana kuma danganta ta da lalacewar idon kyanwoyi da karnuka. Wato yanayin wannan yanki ya riga ya nuna yana karɓar irin waɗannan baƙi.

Hanyar da babbar za ta iya bi ma a buɗe take. Daga Sin Najeriya ta fi shigo da kaya, kuma Guangzhou, inda 'yan kasuwar Kano da sauran garuruwa ke saro kaya, tana tsakiyar lardin da tururuwar ta fi kafuwa. Kwantenonin na sauka a Apapa da Tin Can da Onne da Lekki, wasu kuma ba a buɗe su sai a tasoshin tudu na Kaduna da Dala da Funtuwa. Kayan Nijar na bi ta Lome. Tururuwar na son ɗumi da danshi da ƙasar da aka tone, kuma ko a busassun yankuna irin na California tana rayuwa duk inda ake ban ruwa. Fadamu da gonakin rani irin na Kadawa ba za su yi mata wuyar zama ba.

Manoman arewa ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan baƙon ƙwaro. Tsutsar tumatir da suke kira sharon daga Amurka ta Kudu ta fito, ta bi ta Sifen a 2006, kuma a 2016 ta cinye gonakin Kano da Kaduna har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A farkon 2016 ɗin aka tabbatar da tsutsar da ke cin masara a kudu maso yammacin Najeriya, cikin shekara biyu ta game yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Waɗancan biyun tashi suke da dare su ci nisa, tare su a bakin iyaka abu ne mai wuya. Tururuwar wuta kuwa a ƙasa take gini, tafiyarta a hankali, kuma Niyu Zilan da Japan sun nuna ana iya tsayar da ita.

Abin da ake buƙata ba shi da tsada in aka yi shi yanzu. Hukumar killace kayan gona ta Najeriya, NAQS, da takwararta ta Nijar su manna hoton tururuwar da na gidanta a duk inda ake buɗe kwantena, su koya wa 'yan dako da masu fito da kaya da direbobin tirela alamunta. A samar da lamba ɗaya ta WhatsApp da ake tura hoto a samu amsa a ranar, a sanar da ita a rediyo da Hausa. Malaman gona da masu unguwanni su san inda za su miƙa magana, masanan ƙwari na Samaru a Zariya da na cibiyar binciken noma ta IITA su zama a shirye su tantance samfuri, a kuma ajiye ɗan kuɗi da magani da za a iya fitarwa cikin mako guda ba sai an jira kasafin baɗi ba.

Wanda kuma ya buɗe kwantena ko ya ga sabon tsibin ƙasa marar ƙofa kusa da sito ko wurin sauke kaya, da jajayen tururuwa manya da ƙanana masu malalowa a fusace, harbinsu na barin ƙurji mai farin kai, kada ya zuba fetur, kada ya kwashe ƙasar ya zubar a wani wuri. Ya janye yara da dabbobi, ya ɗauki hoto daga nesa, ya nemi malamin gona ko jami'in killace kaya mafi kusa a ranar, kada ya bari sai gobe.